Shaidar Ɗan Ƙasarta

A asibitin da Dakta Musaddiq yake aiki, can unguwar Shifa a kudancin Riyad, akwai wani ɗaki a hawan sama da ba ma'aikacin da ke son a ambaci sunansa a cikinsa. Ba kotu ba ce, ba a ɗaure kowa a wurin. Mutum biyar ne suke shiga su rufe ƙofa, su saurari ƙorafin da dangin majinyaci suka kawo, sannan su ɗaga hannu a kan tambaya guda: a kashe maganar a cikin gida, ko a miƙa sunan ma'aikacin ga hukuma. Wanda aka miƙa sunansa, aiki ya tsaya masa, fita daga ƙasar ma ta tsaya, sai ranar da shari'a ta ƙare, kuma ba mai iya faɗa masa ranar. Shi wanda ake maganarsa ba a kiransa ɗakin. Lauyar asibitin, Madam Khalida, ita ke zaɓen wanda za a ji da wanda ba za a ji ba.

Musaddiq shi kaɗai ne baƙar fata a cikin biyar ɗin. Likitan ciki ne, mutumin Funtuwa, mai sanyin magana, irin mutanen nan da ko lif ɗin hawa bene za a shiga sai sun ja baya kowa ya riga su. Ranar da aka sa shi a kwamitin ya dawo gida yana ta ƙoƙarin danne murna, amma matarsa Fiddausi ta gane tun daga sallamarsa. 'Yan Najeriyar da ke asibitin kuwa saura kaɗan su yi walima. A ganinsu yanzu sun samu kunne a ɗakin da aka daɗe ana maganarsu ba su ji.

Abokinsa Injiniya Najib ne kaɗai bai taya shi murna yadda ya kamata ba. Najib ya yi karatu a Amurka, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. A zaman da suke yi bayan sallar Juma'a, ana cin shinkafa da kaza a faranti ɗaya, ya ce, "Dakta, wannan abin naku ai grand jury ne. Can ma haka suke yi. A tara mutane a ɗaki a kulle, lauyan gwamnati ya kawo shaidun da ya ga dama, wanda ake zargi yana waje bai san wainar da ake toyawa ba. Wai su ba hukunci suke yankewa ba, dubawa kawai suke yi ko maganar ta isa a kai ta kotu. To ka je ka ga launin waɗanda tasu take isa, ka ga na waɗanda tasu ba ta isa."

"Nan ba Amurka ba ce," in ji Musaddiq. "Na san mutanen nan, mutanen kirki ne. Wasunsu sahu ɗaya muke tsayawa."

"Ban ce mugaye ba ne," Najib ya ce, yana yagar cinyar kaza. "Can ɗin ma ba mugaye ake tarawa ba."

Musaddiq bai ɗauki maganar da nauyi ba, domin akwai abin da ya dogara da shi, kuma tun yana ƙarami ya koye shi. A Funtuwa, in ya yi faɗa da ɗan maƙwabta, mahaifiyarsa ba ta tambayar wa ya fara. Kunnensa take kamawa a ƙofar gida, a gaban kowa, tana faɗa tana cewa shi ne marar ji. Ba ta kaiwa ga duka, domin kafin nan uwar wancan yaron ta fito da gudu tana gyara ɗaurin zane, tana cewa, "Haba, sake shi mana, ai nawa ne ya tsokane shi." Sai kowace ta ja ɗanta ta shige gida, yara su tsira, zumunci ya tsira. Wannan ita ce kara: ka tsaya wa na wani, ka kushe naka, shi kuma wanin ya rama maka. Musaddiq ya yi digiri a ƙasashe biyu, amma bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa akwai inda ba a san wannan ba. Shi a wurinsa haka 'yan Adam masu mutunci suke zama, ko ina suke.

A zamansa na farko ma abin da ya yi ke nan. Wani Bature likitan ƙashi ne aka kawo ƙorafinsa, ya sallami wata mata da wuri, ƙafarta ta kumbura ta ruɓe. Ba a kira shi ɗakin ba, amma Madam Khalida ta kawo abokan aikinsa suka yi ta bayanin irin gajiyar da yake sha da irin ƙwarewarsa. Da aka zo kan Musaddiq sai ya gyara zama ya tsaya wa mutumin, tsayuwar da ko ƙaninsa bai taɓa yi wa ba. Ya ce kowane likita yana da ranar da hannunsa ke kuskure. Aka kashe maganar a cikin gida. Bayan wasu watanni, da wa'adin wani ɗan kwamitin ya ƙare, wannan likitan ƙashin aka ba kujerar, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Musaddiq ma daɗi ya ji, yana ganin ya yi maƙwabci a ɗakin.

Sai ga maganar Kaltume ta zo.

Kaltume ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Gashuwa, ta girme wa Musaddiq nesa ba kusa ba. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, 'ya'yanta suna gida wajen ƙanwarta, ita kuma tana nan tana juya tsofaffin Larabawa a kan gado tana aika kuɗin makaranta. Lokacin da Fiddausi ta haifi Ruƙayya, mahaifiyarta ba ta samu biza ba, Kaltume ce ta riƙa tasowa daga aiki ta zo ta dafa ruwan wanka ta dama kunun kanwa. Tun daga nan ta zama Yaya a gidan. A bana za ta aurar da 'yarta ta fari, Bilƙisu, wadda don kunya ba ta taɓa kiran sunanta, sai dai ta ce yarinyar nan. An ba ta hutu, ta yanki tikiti, akwatuna sun cika da kayan ɗaki da ta yi shekaru tana tarawa daga kasuwar Batha.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Da rana tsaka wani dattijo Balarabe ɗan ƙasar da aka yi wa aiki a ciki ya faɗo daga gado, ƙugunsa ya karye, domin ƙarfen gefen gadon a sauke yake. Kaltume ce ta sauke shi, tana canza masa zanen gado. Tana cikin yi shugabar sashen, wata Baturiya, ta leƙo ta ce ta yi maza ta raka wani majinyaci ɗaukar hoto, ita za ta ƙarasa. Kaltume ta tafi. Baturiyar kuma aka kira ta a waya, ta fita. Daga baya ta ce ta tuna ta aiki Kaltume, amma ba ta tuna ta ce za ta ƙarasa ba. 'Ya'yan dattijon suka kawo ƙorafi, kuma sunan da ke jikin allon ɗakin na Kaltume ne.

Ita da kanta ta zo gidan Musaddiq ta ba su labarin, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe shi komai ba. Da za ta tafi ta ce, "Tunda kana ciki, Dakta, ni hankalina a kwance yake."

Bayan fitarta Fiddausi ta ce, "Abban Ruƙayya, in ka shiga, ka faɗi abin da ta gaya mana yadda ta faɗa. Ka ce a kira ta su ji daga bakinta."

"Ke ba ki san zaman manya ba," in ji shi. "In na buɗe baki ina kare ta, cewa za su yi ɗan ƙasarta ne, maganar ta zube a banza. Ki bar ni, na san abin da zan yi."

"To Allah ya sa su ma sun sani," Fiddausi ta ce, ta kwashe kofunan shayi.

Ranar zaman aka jera gahawa da dabino a tsakiyar tebur kamar kullum. Shugaban kwamitin, Dakta Shakir, ɗan ƙasa ne, dattijo mai fara'a wanda ba ya son taro ya kai lokacin azahar. Gefensa likitan ƙashin nan ne, sai wata likitar yara 'yar Masar, sai wani Ba'indiye mai kula da ɗakin magani, sai Musaddiq a ƙarshen tebur. Madam Khalida ba ta ɗaga hannu a ƙuri'a, amma ita ke buɗe ƙofa da rufe ta.

Ta fara shigo da babban ɗan dattijon, ya faɗi nasa da zafi, aka ba shi haƙuri. Sannan ta shigo da Baturiyar. Dakta Shakir ya tashi ya ja mata kujera, ya zuba mata gahawa da hannunsa. Ta yi bayani a nitse, muryarta ta ɗan yi rawa a inda ta ce tana jin ciwon abin kamar mahaifinta ne, likitar yaran ta miƙa mata hankici. Ba wanda ya tambaye ta ina take a lokacin da dattijon ya faɗi. Ba wai ɓoye tambayar suka yi ba, ba ta zo musu ba ne kawai, domin matar ta yi kama da mutanen da ake yarda da su. Bayanin Kaltume kuwa Madam Khalida ce ta taƙaita shi a jimla uku, da irin muryar da ake karanta sanarwa.

Ba'indiyen ya ɗaga yatsa. "Me zai hana mu kira ita nas ɗin mu ji? Maganar mutum biyu ce, ɗaya muka gani."

"Ba shari'a muke yi ba," in ji Madam Khalida. "In an miƙa, a can za ta faɗi nata."

Ba'indiyen bai gamsu ba, kuma likitar yaran ma ta fara juya kofinta tana kallon ƙofar da Baturiyar ta fita. Musaddiq ya ƙirga a zuci: shi, da Ba'indiye, da wataƙila 'yar Masar, ga kuma likitan ƙashi da ke riƙe da alherinsa. A ransa ya ga kamar Kaltume ta riga ta hau jirgin gida. Abin da ya rage kawai a yi abin cikin mutunci, kada a ce baƙi sun haɗa kai.

Dakta Shakir ya juyo gare shi. "Ya Daktur Musaddiq, 'yar ƙasarku ce. Kai ka fi mu saninta. Me ka gani?"

Musaddiq ya ajiye dabinon da ke hannunsa, ya haɗe fuska kamar yadda mahaifiyarsa take haɗewa a ƙofar gida. "Ni ba zan kare ta ba," ya ce. "Sakaci ta yi. Mace mai shekarunta a aiki ba ta da hujjar barin ƙarfe a sauke, ko wa ya aike ta. Tamu ce, kuma wallahi na ji kunyar abin."

Ya sunkuyar da kai yana jira. A Funtuwa, daidai nan ne ake jin ƙarar ƙyauren maƙwabta. Nan ne likitan ƙashin zai ce haba, a sake ta, ai tamu Baturiyar ce ta janye ta daga kan aikin. Shi kuma Musaddiq ya ɗan yi gardama don cika al'ada, sannan ya bari a rinjaye shi.

Da bai ji ƙarar wani ƙyaure ba, sai ya ɗago ya saci kallon mutumin. Likitan ƙashin yana kallonsa da girmamawa ta gaske, yana gyaɗa kai a hankali.

"Na san faɗin wannan bai zo maka da sauƙi ba," Baturen ya ce. "Na yaba maka."

Ba'indiyen ya jingina da kujera ya buɗe tafukansa. "To, in wanda ya san ta ya faɗi haka, ni wane ne?"

"Shukran, ya Daktur," in ji Dakta Shakir, yana duban agogo. "Masu ganin a miƙa."

Hannu huɗu suka tashi. Na Musaddiq yana kan tebur kusa da ƙwallon dabino, ya yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ɗakin tiyata. Ya ce, "Ku dakata, akwai abin da ban faɗa ba. Ta gaya mini cewa shugabar sashen ta yi mata alkawarin ƙarasawa."

"Yana cikin abin da na karanta," in ji Madam Khalida a tausashe. "Kai kuma ka ce ko wa ya aike ta. Ba sai ka ɗaga hannu ba, Dakta, mun gane. Huɗu sun isa."

Aka tashi kafin a kira salla.

A baranda ya tari Dakta Shakir. "Ya Daktur, ban yi nufin a miƙa ta ba."

"To me ka nufa?"

Musaddiq ya fara bayani. Ya kawo mahaifiyarsa, ya kawo maƙwabciya da ɗaurin zanenta, ya ce a wurinsu mutum ba ya yabon nasa a gaban jama'a, kushe shi yake yi don wani ya ɗaga shi. Yana faɗa yana jin yadda abin yake fita a bakinsa da Turanci, wani iri, kamar mai ba da labarin wasan yara. Dakta Shakir ya saurare shi da haƙuri har ya gama.

"Wato ba gaskiya ka gaya mana ba?"

"Gaskiya ce. Amma rabi ce. Ɗaya rabin wani ne ya kamata ya faɗa."

"Wa?"

Musaddiq ya waiga. Likitan ƙashin yana can ƙarshen baranda yana jiran lif, ya ɗago masa hannu da fara'a.

"Khalas, magana ta ƙare, ya ɗan'uwana," Dakta Shakir ya ce, ya dafa kafaɗarsa. "An riga an sa hannu. In tana da gaskiya za ta fita. Kai kuma kada ka damu, yau ka nuna mana kai ba ka duba launi. Zan ce a sabunta maka kujerarka."

Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya, kuma wannan ya fi komai ci wa Musaddiq rai.

Fiddausi ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ɗauki abayarta kawai ta ce ya tashi su je. Kaltume tana zaune ne a Ulaisha, a wani tsohon bene da ke saman shagon masu gyaran waya, ita da wata nas suna raba haya. Sun isa bayan la'asar, rana ta yi sanyi amma bangon benen yana fitar da zafi. Akwatuna biyu manya suna jingine a falo, an ɗaure su da igiya, an rubuta Gashuwa a jikinsu da babban alƙalami.

Ta karɓe su yadda ta saba. Ta tambayi lafiyar Ruƙayya, ta tambayi makaranta, ta kawo shayi da cincin ɗin da ta soya don biki. Musaddiq ya zauna a bakin kujera kusa da ƙofa. Sai da gaisuwa ta ƙare tas, ba sauran abin tambaya, sannan ta dube shi.

"Dakta, Madam Khalida ta kira ni. Ta ce kada in ga kamar wariya ce, don har ɗan ƙasata ya ba da shaida. Ta ce kai da bakinka ka ce sakaci na yi."

"Na faɗa, Yaya."

Kaltume ta kalli shayinta. Ba fushi a fuskarta, lissafi take yi, irin na wanda ya san hanyar da aka bi. Can ta ɗago.

"Kara ka yi musu."

"Eh."

"To wa ya ce a sake ni?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai. Ƙarar injin sanyaya ɗaki ce kawai ke tashi, da hayaniyar masu shago daga ƙasa. Fiddausi ta juya fuskarta ga bango tana share ido da gefen mayafi.

"Ba kowa ke nan," Kaltume ta ce. Ta gyaɗa kai. "Da a gida ne, daidai ka yi."

Ya so ta zage shi. Ya fara cewa zai nemi lauya, zai rubuta wa shugaban asibiti, zai je ofishin jakadanci gobe da safe. Ta bar shi ya gama, ta ce Allah ya saka da alheri, da muryar da ake gode wa wanda ya zo ta'aziyya. Sannan ta juya ga Fiddausi.

"Ke za ki gida hutun yara, ko? To ga kayan yarinyar nan. Ki je ki tsaya a inda zan tsaya. In dangin mijin sun kawo wata magana, ki bar ƙanwata ta amsa, ke dai ki zauna kusa da yarinyar. Ba ta son a ga tana kuka, sai ki rufa mata mayafi."

"Yaya, bikin Bilƙisu fa," Fiddausi ta ce. "A ɗaga shi mana."

"A ɗaga zuwa yaushe?"

Musaddiq ya tashi ya nufi akwatunan.

Benen ba shi da lif. Musaddiq ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya kama akwatin farko, ya ji nauyin shekarun da aka yi ana cika shi. Ya fara sauka da baya, mataki bayan mataki, gumi yana jiƙa masa riga. Kaltume ta fito ta tsaya a saman matakalar, hannunta a kan ƙarfe, tana kallonsa.

"A hankali, Dakta," ta ce. "Akwai na fashewa a ciki."